Duba kafin ka hau, kauce kafin ta motsa

 

Hirarmu ta yau da kai ce, ɗan'uwa mai aikin gini. Ko magini ne kai, ko lebura, ko kafinta, ko mai ɗaurin ƙarfe, ko mai fenti, matso kusa. Kai ma manomi, kada ka ce ba ruwanka. In kaka ta wuce, an sa hatsi a rumbu, kai ko ɗanka za ku tafi cin rani Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Aikin shantiye yana cikin ayyukan da baƙo ke fara samu a birni. Ke ma uwargida, saurara da kyau, don ki faɗa ma maigida in ya dawo.

A da, ginin ƙasa muka sani. Magini yana zaune bisa bango, ana jefa masa tubali, bango na tashi da shi sannu-sannu. Yau gini ya sake. Ga siminti, ga ƙarfe, ga bene hawa uku, hawa huɗu, har fiye. Wanda ya ga manyan gine-ginen da aka tayar a Yamai kafin taron shugabannin Afirka na watan Yuli 2019 ya san abin da muke nufi. Gini ya yi tsawo, injuna sun shigo. Amma jikin ɗan Adam yana nan yadda yake. Ƙashi bai ƙara ƙarfi ba.

Abubuwa biyu za mu duba yau: faɗowa daga sama, da hatsarin motar ɗaga kaya. Magana ɗaya ce za mu yi ta maimaitawa. Galibin hatsarin shantiye ana iya ganin sa tun bai faru ba. Wanda ya tsaya ya duba minti biyar, ya tsare ransa.

Faɗuwa ba ta jira

A ƙasashe da yawa inda ake ƙidayar hatsarin aiki, faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini. Me ya sa?

Mu yi lissafi. Mutumin da ya faɗo daga tsawon metir 5, cikin sakan 1 ya iso ƙasa. Sakan 1 kawai, kafin ka ce wayyo. Kuma yana isowa da gudun da ya kai wajen kilometir 35 a awa. Ka ɗauka kana bisa babur da wannan gudu, ka kara da bango. To, haka abin yake. Ko daga metir 3, wato tsawon rufin ɗaki, gudun ya wuce kilometir 25 a awa. In kai ne ya fara bugun siminti, ko baya ya sauka bisa tubali, wannan ya isa.

Saboda haka kada ka ce: «Ni mai zafin nama ne, zan kama wani abu.» Babu lokacin kamawa. Dabararka duka a ƙasa take, kafin ka ɗaga ƙafa.

Tsani

Mu fara da tsani, don shi ne kowa ya raina.

Kafin ka jingina shi, kwantar da shi ka duba. Akwai matakin da ya tsage? Akwai ƙusar da ta fita? Gara ta ci ƙafarsa? Tsanin da aka ɗaure da waya ko tsumma ya gama aiki. Mayar da shi itacen wuta.

Kafa shi a ƙasa mai tauri, wadda ta daidaita. Kada ka ɗora ƙafarsa bisa tubali, ko bisa gangar ruwa, don ya ƙara tsawo. In ƙasar rairayi ce, shimfiɗa katako mai faɗi, ka kafa turaku su tare ƙafafun.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: 1 cikin 4. In wurin da kan tsani ya jingina yana da tsawon metir 4, to ƙafarsa ta nisanci bango da metir 1. In ya miƙe da yawa, zai kife da kai ta baya. In ya kwanta da yawa, ƙafarsa za ta zame. Ba ka da abin awo? Tsaya, yatsun ƙafarka na taɓa gindin tsani. Miƙa hannuwanka gaba sosai. In tafin hannunka ya sauka bisa matakin da ke daidai kafaɗarka, tsani ya zauna daidai.

Kan tsani ya zarce bakin rufi da metir 1, don ka sami abin riƙewa in za ka sauka a kai. A ɗaure kansa da igiya. In ba a ɗaure ba tukuna, wani ya riƙe gindinsa.

In kana hawa ko sauka, fuskarka na kallon tsani. Kullum gaɓoɓi uku su kasance a kansa: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ke nan ba a hawa da bokitin siminti a hannu. Hau tukuna, sannan ka jawo bokiti da igiya. Mutum ɗaya ke hawa a lokaci guda. In abin da kake son taɓawa ya yi nisa, kada ka karkata. Sauko ka gusar da tsani.

Gadon aiki

Na biyu shi ne gadon itace ko na ƙarfe da ake kafawa a jikin bango don magina su tsaya a kai. A shantiye ana ce masa eshafodaji. Mu za mu ce masa gadon aiki.

Mu ɗauki misali. Wani saurayi ya zo cin rani, yau kwanansa uku a shantiye. Ana yaɓe a hawa na biyu. Gadon aiki katako biyu ne kawai, an ɗora su ba a ɗaure ba. Ɗaya ya zarce sandar da ke riƙe da shi da kamu uku. Magini ya ce: «Yaro, kawo siminti maza!» Yaro ya taho da sauri, ya taka bakin katakon da ya zarce. Katako ya tashi kamar ma'auni. Sauran labarin kun san shi.

Wane ne bai ga katakon nan ba? Magini ya gan shi tun safe. Shugaban shantiye ya wuce ta ƙarƙashinsa. Kowa ya ce a ransa: «Ai yau kawai ne.» Igiya ta minti biyar ce ta rasa mai ɗaurawa.

Ga yadda gadon aiki na kirki yake. Ƙafafunsa na tsaye bisa katako mai kauri, a ƙasa mai tauri. An ɗaure shi a jikin gini don kada ya yi lilo. Katakon takawa sun cika faɗinsa, babu rami tsakaninsu, kuma kowane an ɗaure shi ko an kafe shi. A gefen da ke kallon waje akwai shinge: sanda ɗaya a tsawon metir 1, wata a tsakiya, sannan katako mai faɗin santimetir 15 a tsaye daidai ƙafa. Sandar sama na tare mutum. Ta tsakiya na tare wanda ya durƙusa. Katakon ƙasa na hana guduma ko tubali gangarowa kan na ƙasa.

Kada a tara kaya da yawa a kai. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 6 kilo 300 ke nan, nauyin manyan mutane huɗu ko fiye. A riƙa kawo kaya kaɗan-kaɗan.

Kowace safiya a sake dubawa. In an yi ruwa ko iska da dare, a duba sau biyu, don ruwa na kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafu.

Rufi, rami da wayar lantarki

In an zuba dal, ana barin ramuka: na matakala, na bututu. Rami a rufe shi da katako mai ƙarfi, a kafe shi, a yi masa alama da fenti. Kada a rufe shi da buhu ko kwali. Wannan tarko ne. Bakin dal kuma a yi masa shinge irin na gadon aiki. Kada ka yi tafiya da baya a bisa dal, ko kana jan wani abu.

A bisa rufin kwano, taka inda katakon rufi yake, wato layin ƙusoshi. Tsohon kwano mai tsatsa yana ɓurmawa. Da safe raɓa na sa shi santsi. In hunturu na busawa da ƙarfi, ko hadari ya taso da iskarsa, sauko. Fallen kwano a hannunka, iska na ɗaukar sa ta tafi da kai.

Duba sama kuma. Sandar ƙarfen gini tana kai metir 12. In ka ɗaga ta kusa da babbar wayar lantarki, wuta na iya tsallakowa ko ba ta taɓa ba. Wutar ta buge ka, ta kuma jefo ka ƙasa. Bar aƙalla metir 3 tsakanin wayar da kai, da duk abin da ke hannunka. Manyan layuka masu dogayen turakun ƙarfe suna son metir 5.

Inda ba a iya yin shinge, ana sa ɗamarar tsaro. Ita ce mai kama kafaɗu, da ƙirji, da cinyoyi. Ana maƙala igiyarta a wuri mai ƙarfi, sama da kanka. Ɗamarar da ba a maƙala ba, ado ce kawai. Kada ka ɗaura igiya a ƙugu a madadinta. In ka faɗo, igiyar na iya karya maka baya. Wanda kuma ya faɗo ɗamara ta riƙe shi, a sauko da shi da gaggawa, don daɗewa a rataye na hana jini gudana.

Sa kaske a kanka, ka ɗaure igiyarsa a haɓa. Sa takalmi mai rufe ƙafa. Silifa ba takalmin hawa ba ne.

Jikinka ma abin dubawa ne

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu. Mai ƙishirwa yana jin jiri, jiri kuwa a bisa bene mugun abu ne. Sha ruwa a kai a kai. Aikin sama a yi shi da sassafe in da hali. In ka ji duhu-duhu a idonka, zauna nan take, ka kira wani.

Akwai wata magana da ba a son faɗa, amma sai mun faɗa. Wasu na shan ƙwayar tiramol don su yi aiki ba gajiya. Ƙwayar nan na kawo jiri da barci. In aka sha ta da yawa, tana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ka tuna da sakan 1 ɗin nan. Wanda ya sha ƙwaya kada ya hau sama, kada ya taɓa inji. Wayar hannu kuma ta zauna a aljihu har ka sauko.

Motar ɗaga kaya

Yanzu mu sauko ƙasa. Kun san motar nan mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba, wadda ke sauke kaya daga kamiyo. Tana cusa ƙahoninta ƙarƙashin palet, wato shimfiɗar katakon da ake jera buhuna a kai, ta ɗaga. In kamiyon siminti ya iso daga Malbaza, aikin da mutane goma za su daɗe suna yi, ita ta gama shi nan da nan.

Ganin ta ƙarama ce, mutane na raina ta. Ga abubuwa uku da ya kamata ka sani.

Na ɗaya, tana da nauyi ƙwarai. Wadda ke ɗaga tan 2 da rabi, ita kanta ta kai wajen tan 4, don akwai ƙaton ƙarfe a bayanta mai hana ta kifewa gaba. Tan 4 nauyin buhun siminti 80 ne. In ta taka ƙafa, ko ta matse mutum da bango, ko a hankali take tafiya, ɓarnar ta auku.

Na biyu, yawancinsu da tayoyin baya suke juyawa. In direba ya karya kwana, bayanta ne ke sharowa waje. Mutum na tsaye a gefe yana kallon ƙahoni, sai baya ya buge shi.

Na uku, direba ba ya gani sosai. Kaya na tare masa gaba. Ƙarar inji na hana shi jin kiranka.

To, kai mai tafiya a ƙasa, ga naka. Kada ka matso sai kun haɗa ido da direba, ya yi maka alama da hannu. Kada ka bi ta bayanta. Kada ka shiga tsakaninta da bango, ko tsakaninta da kamiyo. Kada ka wuce ƙarƙashin ƙahoni in suna sama, ko da kaya ko babu. Kada ka riƙe kaya da hannu don kada su zube. In za su zube, bar su, siminti ana sayen wani. Kada ka hau gefenta a rage maka hanya, kujera ɗaya gare ta. Kuma kada ka yarda a ɗaga ka bisa ƙahoni ko bisa palet don ka kai wani wuri mai tsawo. Nan hatsari biyu ke haɗuwa, na mota da na faɗuwa.

Kai kuma direba

Ba kowa ke tuƙa ta ba, sai wanda aka koya ma aikin, aka kuma ba shi izini. Iya tuƙa mota bai isa ba. Da safe gwada birki, da oda, da sitiyari. Duba tayoyi, da sarƙa, da ƙahoni. Duba ƙasa ko mai na ɗiga.

A jikinta akwai ƙaramin allon ƙarfe da aka rubuta nauyin da take iya ɗauka. Nan karatunka zai yi maka rana. In an rubuta 2.000 kg, to kilo dubu biyu ne, buhu 40 na siminti. Da nauyin palet ɗin kansa, buhu 40 ma sun ɗan zarce. Kada ka ce wani ya hau baya don ya ƙara mata nauyi. Kaya su matso har gindin ƙahoni, don in sun yi nisa gaba, ƙarfinta na raguwa. Mai dogon hannu, wadda ke miƙa kaya bisa bene, ita ma haka: gwargwadon miƙewar hannun, gwargwadon raguwar abin da take iya ɗauka.

In kana tafiya, sauke ƙahoni kusa da ƙasa, wajen santimetir 15, ka karkato kaya baya kaɗan. Kada ka yi tafiya ko ka karya kwana da kaya a sama. Haka take kifewa. In kaya sun tare maka gani, tafi da baya-baya, kana duban inda za ka, ko wani ya yi maka jagora daga nesa. A gangara, in da kaya, kayan su kasance ta wajen tudu: ka hau da gaba, ka sauko da baya. Kada ka juya a tsakiyar gangara. Nisanci bakin ramin harsashin gini, don ƙasar wurin na zaftarewa. Yi oda a kowace kwana da kowace ƙofa.

Ɗaura ɗamarar kujera. In mota ta fara kifewa gefe, kada ka yi tsalle. Wanda ya yi tsalle, rufin ƙarfen motar ne ke danne shi. Riƙe sitiyari da ƙarfi, ka dafe ƙafafunka, ka karkata jikinka ta gefen da ba can take faɗuwa ba.

In ka gama, sauke ƙahoni har ƙasa, ja birkin hannu, kashe inji, cire makulli ka sa aljihu. Yara na shiga shantiye da yamma.

In hatsari ya faru

Mutum ya faɗo. Abin da muka saba shi ne a ruga a ɗaga shi, a zaunar da shi, a ba shi ruwa. Duk ukun kuskure ne. In ƙashin wuya ko na baya ya karye, ɗagawar ce ke iya shanye masa ƙafafu har abada.

Bar shi yadda yake, sai in wurin na da hatsari. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a ba shi ruwa ko abinci. A yi masa inuwa. A kira ƴan kwana-kwana, lamba 18. In dole sai kun kai shi da kanku, ku nemi faffaɗan katako ko ƙyaure. Mutum huɗu ko biyar su ɗora shi a kai gaba ɗaya, kai da wuya da baya a miƙe.

Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti. In ya fara amai, ko barci na fizgar sa, ko jini ko ruwa na fita daga kunne, a gaggauta. A fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar maɗori.

Hakkinka

Dokar aiki ta ƙasarmu, wadda aka sa ma hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora ma mai ba da aiki nauyin tsare lafiya da rayukan ma'aikatansa. Akwai kuma asusun ma'aikata na ƙasa, CNSS. Mai ba da aiki ne ke biyan kuɗin da ya shafi hatsarin aiki, kuma in hatsari ya faru, ya kamata ya sanar cikin awa 48. Tambayi wanda ya ɗauke ka: «An rubuta sunana a CNSS?» In akwai gardama, je ofishin sufeton aiki na jiharku. Kowace shekara, ranar 28 ga Afirilu, duniya na tuna maganar tsaro da lafiya a wurin aiki. Hukumar aiki ta duniya ce ta soma wannan a 2003.

Mun san abin da ke ranka. Kana cewa: «In na yi magana, a kore ni, ga wasu goma a bakin ƙofa.» Gaskiya ne, neman abinci da wuya. Amma akwai hanyar faɗa. Je wurin shugaban shantiye da ladabi, ku biyu ko ku uku, ku ce: «Maigida, katakon nan bai ɗauru ba, ba mu minti biyar mu gyara.» Mai hankali zai yarda, don hatsari na tsayar masa da aiki kwana da kwanaki. Kai kuma babban magini, yaron da ke miƙo maka siminti amana ne a hannunka. Iyayensa na ƙauye suna jiran sa kafin shuka. Ranar da ya fara aiki, zaga da shi, ka nuna masa ramuka, da waya, da hanyar mota.

Kafin mu rabu, ga tambayoyi. Ku tattauna su tare da malaminku, ku rubuta amsa a littafi.

1. Kan tsani ya jingina a tsawon metir 6. Ƙafarsa za ta nisanci bango da metir nawa?
2. An rubuta 1.500 kg a jikin motar ɗaga kaya. Nauyin buhun siminti nawa ke nan?
3. Abokin aikinka ya faɗo daga rufi. Faɗi abubuwa uku da ba za ka yi masa ba.
4. A wurin aikinku, wane abu ne kowa ke gani, amma ba wanda ya gyara?

Gobe da safe, in ka isa shantiye, tsaya minti biyar. Duba tsani, duba katako, duba rami, duba waya, duba inda mota take. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Sai mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.